Abincin kaka a maganin gargajiyar Indiya: me ya sa shawarwarin suke cin karo da juna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke ƙwannafi yakan tasar mini, ga ƙuraje a wuya da gadon baya. Na shiga intanet ina neman abin da Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, ta ce game da abincin kaka, sai na tarar da magana biyu. Wasu sun ce a ci abu mai ɗumi da maiƙo, da ɗan tsami da gishiri. Wasu kuma sun ce a guji mai da tsami, a ci mai ɗaci mai sanyaya jiki. Wanne ne gaskiya? Kuma zai yi mini amfani a nan gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara sauƙi. Duka maganganun biyu daga bakin masu Ayurveda suka fito, amma ba kaka ɗaya suke nufi ba. Ta biyun, wadda ta ce a rage mai da tsami a nemi ɗaci, ita ce ke rubuce a tsofaffin littattafan Indiya. Ta farkon kuwa malaman Ayurveda da suka zauna a Amurka da Turai ne suka yaɗa ta, domin a can kaka lokaci ne na sanyi da iska da bushewar fata. Idan kika gane wane yanayi kowace shawara take magana a kai, rikicin ya ƙare, kuma za ki ga wadda ta fi kusa da halin da kike ciki.

Mutanen Indiya na da sun kasa shekara gida shida, kowane gida wata biyu. Wanda ya shafe mu shi ne Sharad, daga wajen tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, wato watanninsu na Ashwin da Kartika. Kafinsa akwai Varsha, damina ke nan, bayansa kuma Hemanta, farkon sanyi. Ruwan daminarsu yakan sauka a jihar Kerala da ke kudu wajen 1 ga Yuni, ya haura arewa, sa'annan ya fara janyewa daga yammacin Rajasthan a tsakiyar Satumba, zuwa tsakiyar Oktoba ya bar yawancin ƙasar. To, da gajimare ya yaye, rana takan buɗe da ƙarfinta a kan ƙasar da har yanzu a jiƙe take. Kududdufai cike, ciyawa ta yi tsawo, iska ba motsi, mutum yana zaune gumi yana tsiyaya. Har yau Indiyawa suna kukan zafin Oktoba. Wannan ita ce kakar da Charaka Samhita, tsohon littafin Ayurveda da ake jingina wa likita Charaka, ta yi magana a kai a babi na 6 na kashinta na farko, ita ce kuma wani likitan, Vagbhata, ya sake tsarawa a babi na 3 na littafinsa Ashtanga Hridaya wajen ƙarni na 7. Babu ganye mai zuba saboda sanyi a cikinta, babu rigar ɗari.

A fahimtarsu abubuwa uku ne ke tafiyar da jiki, suna kiransu dosha. Vata ita ce iska da motsi da bushewa. Pitta ita ce zafi da narkar da abinci, kuma suna haɗa ta da jini da ɗacin ciki. Kapha ita ce danshi da majina da nauyi. Ba abubuwa ba ne da za a ɗebi jininki a asibiti a auna, gara in faɗa miki wannan tun yanzu. Hanya ce da likitocin da suka rayu kafin madubin ƙara girma suka bi suka tsara abin da idonsu ya gani shekara da shekaru. Abin da suka gani sau da yawa gaskiya ne, ko da bayanin da suka ba shi bai tsaya ba a yau.

Sun ce kowace dosha tana da lokacin taruwa, da lokacin tashi, da lokacin kwanciya. Pitta tana taruwa a damina, saboda ruwa ya gurɓace, abinci na saurin tsami, wutar ciki kuma ta yi rauni, kamar murhun da aka cusa wa jiƙaƙƙen itace, hayaƙi da yawa, girki ba ya nuna. Amma sanyin damina yana danne ta. Da ranar Sharad ta bugi jikin da ya saba da lumshi, sai abin da ya taru ya tashi gaba ɗaya: zafin ƙirji, ƙishirwa, ƙuraje, jan ido, shawara, zazzaɓi, saurin fushi. Vata kuwa, wadda ta addabi mutane da ciwon gaɓoɓi a damina, a Sharad take lafawa. Kin ga ke nan mai shawarar farko, wanda ke ɗaukar kaka lokacin vata ne, ya faɗi kishiyar abin da Charaka ya rubuta, ko da yake a garinsa yana da hujja.

Daga nan sai maganar ɗanɗano, wadda ita ce ƙashin bayan duk tsarin abincinsu. Sun ƙirga shida: zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ɗaci da bauri. Uku suna kwantar da pitta, su ne zaƙi da ɗaci da bauri. Uku suna hura ta, tsami da gishiri da yaji. Vata kuma zaƙi da tsami da gishiri ne ke kwantar da ita, ɗaci da bauri da yaji suna tayar da ita. Ki duba da kyau, za ki ga inda shafukan nan biyu da kika karanta suka rabu: tsami da gishiri magani ne a wajen ɗaya, cuta a wajen ɗayan, haka ma ɗaci da bauri. Abin da suka haɗu a kai shi ne zaƙi, da man shanu, da rage yaji mai tsanani.

Sai dai a yi hattara da wannan zaƙin. Ba sukari da alewa kaɗai suke nufi ba. Shinkafa, alkama, madara da man shanu duk cikin masu zaƙi suke lissafa su, domin idan ka tauna shinkafa ka daɗe, zaƙi-zaƙi kake ji. Na ga mutane da yawa sun ɗauki wannan kalma a matsayin izinin shan kayan zaƙi, alhali Indiya kanta tana fama: wani babban bincike na hukumar binciken lafiya ta ƙasar da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon sukari a can sun kai miliyan 101. Mai ciwon sukari ba ruwansa da wannan sashe na shawarar.

Abincin da littattafan suka ambata da suna ba shi da yawa, kuma na talaka ne. Shinkafar da suke kira shali, sha'ir, alkama, da wani ƙaramin wake kore mai suna mudga, wanda a kasuwannin Indiya yau ake ce wa mung. Vagbhata ya ƙara da sukari, zuma, amla da patola. Amla 'ya'yan itace ne kore mai kamar ƙaramin lemo, yana da tsami da bauri, cike da sinadarin bitamin C, kuma shi ne mai tsamin da suka yarda ba ya tayar da pitta. Patola kuwa kayan miya ne dangin kokwamba, tsawonsa kamar yatsa, ana ce masa parwal a arewacin Indiya. Masu aikin Ayurveda na yanzu sukan haɗa da rumman, zabibi, dabino, kabewa da karela, wani ɗan lambu mai ɗacin gaske ɗan'uwan garahuninmu.

Abin da kan ba mutane mamaki shi ne nama. Ana zaton Ayurveda ta hana cin nama, alhali Charaka ya jera naman da ya dace da Sharad: salwa, makwarwa, barewa, rago da zomo. Dabbobin tudu ne da busasshen daji, namansu ba kitse, ba ya nauyi a ciki. Wanda ya ce a bari shi ne naman dabbobin ruwa da na fadama. Ƙin cin nama da aka san wasu Indiyawa da shi daga addini da al'ada ya zo, ba daga wannan babin ba.

Akwai kuma maganar sabon hatsi, wadda nake ganin ta fi kowace dacewa da mai noma. Sun ce hatsin da aka girbe yanzu yana da nauyi, yana sa kumburin ciki, wanda ya shekara a rumbu ya fi sauƙin narkewa. Shi ya sa a lokacin da sabuwar shinkafa ke shigowa kasuwa, likitan Ayurveda tsohuwa zai ce ka dafa wa marar lafiya. Ban ɗauke ta doka ba, amma wanda ya taɓa cika ciki da tumu ko ɗanyar gyaɗa a farkon kaka ya san akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Bari in nuna miki yadda abin yake a tukunya, don kada ya zama lissafin sunaye kawai. Abincin da ya tattara duk wannan shi ne khichdi. Uwar gida za ta ɗebi shinkafa gwangwani ɗaya, ɓararren mung da aka cire wa ɓawo gwangwani ɗaya ko rabi, ta wanke har ruwan ya yi fari tas. Ta zuba ruwa ninki huɗu ko biyar, da ɗan kurkum a bakin cokali da gishiri kaɗan, ta bar shi a wuta marar ƙarfi har waken ya narke ya shige cikin shinkafar, ya yi laushin da ba ya buƙatar tauna sosai. A gefe ta narkar da cokali ɗaya na man shanu a ƙaramin ludayin ƙarfe, ta watsa 'ya'yan jira, wani ɗan iri mai ƙamshi da ba a raba girkin Indiya da shi, su yi ƙara su yi duhu kaɗan, ta juye a kan tukunyar ta rufe da sauri don ƙamshin ya zauna. Sai a yayyanka ɗanyen ganyen dhaniya, wani ganye mai ƙamshi, a kai. Ba barkono, ba tumatir, ba soyayyar albasa. A gefen faranti a sa parwal ko kabewa da aka dafa sama-sama. Shi ke nan abincin rana. Da ɗuminsa ake ci, domin sanyayawar da suke nufi hali ne na abincin a cikin jiki, ba wai a ciro shi daga firji ba.

Tun da na ambaci barkono: Charaka bai san shi ba. Barkono da tumatir da dankalin Turawa duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma sai bayan da jiragen Fotugal suka isa gaɓar Indiya a 1498 barkono ya shiga girkinsu. Yajin da tsofaffin littattafan suka sani shi ne masoro da citta da makamantansu. Na baya ne suka sa barkono a sahun masu hura pitta, kuma duk mai ƙwannafi zai ce sun yi daidai.

Jerin abubuwan da aka ce a guje wa a Sharad ya fi na abin ci ban sha'awa. Ga su kamar yadda suka zo: zama cikin rana, kitse, mai, raɓa, kindirmo, abubuwa masu kaifi irin na toka, barcin rana, iskar gabas, giya mai ƙarfi, da cin abinci har ciki ya cika dam. Wasu a ciki ina tsaye a kansu da ƙafa biyu. Kitse da soye-soye suna jinkirta fitar abinci daga ciki, suna kuma sassauta bakin maƙogwaro na ƙasa, ruwan tsamin ciki ya samu hanyar hawowa. Cika ciki sannan a kwanta barcin rana shi ne babban abin da ke kawo ƙwannafi, ko a asibitin zamani abin da za a gaya miki ke nan. Abin da suke kira kshara, wato gishirin tokar tsirrai, ɗan'uwan kanwa da ruwan tokarmu ne. Mutanenmu sukan jiƙa kanwa su sha idan ƙirji ya yi zafi, takan kwantar na ɗan lokaci, amma gishirin da ke cikinta yana da yawa, mai hawan jini ko ciwon ƙoda bai kamata ya mayar da ita abin sha ba.

Kindirmo kuwa ina da ja a kansa. Su a wajensu yana da tsami da nauyi, yana zafafa jiki, har Charaka ya ce a bar shi a Sharad da bazara, kuma kada a sha da dare. Ni abin da na lura da shi shi ne, a zamanin da babu firji, madarar da aka ɗaura a irin wannan zafi kafin yamma ta yi tsami sosai. Sabon kindirmo mai sanyi wanda bai yi tsami ba abinci ne mai kyau, bai kamata a hana yaro ko mai ciki shi don wata doka ta shekara dubu da ɗoriya ba. Idan ke kin lura yana tayar miki da ƙwannafi, ki rage. Raɓa da iskar gabas kuma ba ni da abin da zan kafa su da shi, sai dai wanda ya kwana a waje a wannan lokaci sauro ne zai ci shi, kuma wannan kaɗai ya isa dalili.

Ruwan sha yana da nasa babin mai daɗin ji. Sun ce ruwan Sharad da rana ta gasa da yini, wata ya sanyaya da dare, tauraron Agastya kuma ya fito ya kashe dafinsa, shi ne hamsodaka, ruwa mai tsarki da ya dace a sha a yi wanka. Agastya shi ne tauraron da Larabawa ke kira Suhail, yana bayyana a kudu wajen ƙarshen damina. Abin da suka gani gaskiya ne: idan ruwan sama ya tsaya, laka takan kwanta, tafki ya yi garau. Hasken rana ma yana kashe ƙwayoyin cuta, har akwai dabarar zuba ruwa a gorar roba mai haske a shanya awa shida a rana. Amma garau ba shi ne tsabta ba. A ƙarshen 1955 kogin Yamuna ya yi ambaliya, ƙazanta ta shiga ruwan famfon Delhi, kusan mutum 29,000 suka kamu da shawara, daga baya aka gano ciwon hanta ne nau'in E. Saboda haka ki tafasa ruwa ko ki tace, tauraro ba ya yin wannan aiki.

Haka ma zazzaɓi. Indiyawa suna da karin magana da ke cewa kaka ita ce uwar masu magani, domin a lokacin ne majinyata ke cika ƙofarsu. Littattafan sun ɗora laifin a kan pitta. A ranar 20 ga Agusta 1897, a garin Secunderabad na Indiyar nan dai, wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro, daga nan aka san ainihin mai laifin. Kududdufan da damina ta bari su ne gidan sauro, shi ya sa har yau zazzaɓin dengi yake tashi a Delhi daga Satumba zuwa Nuwamba. Wannan batu ina so ki riƙe shi da kyau, don a nan ne mutane ke cutuwa. Abinci mai sauƙi yana taimakon marar lafiya, amma babu khichdi ko ɗacin ganye da zai kashe ƙwayar maleriya. Zazzaɓin bayan damina gwajin jini yake so da magani, musamman ga yara da masu juna biyu.

Bukukuwansu ma sun bi wannan tsari. A farkon watan Ashwin suna da Navaratri, kwana tara da da yawansu ke barin shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, su koma 'ya'yan itace da madara da wasu ƙananan hatsi. A daren da watan ya cika, wanda suke kira Sharad Purnima, ana dafa kheer, shinkafa a cikin madara da sukari har ta yi kauri, a zuba a faffaɗan kwano, a rufe da siririn farin ƙyalle saboda ƙwari da kyanwa, a hau da shi saman soro ya kwana a farin wata, da safe iyali su raba. Suna cewa hasken watan yana zuba masa sanyi da waraka. Wannan sashe ibadarsu ce da imaninsu, ba abin da ya shafi Musulmi ko Kirista ba, kuma ba sai kin ɗauke shi ba kafin ki amfana da maganar rage mai da yaji. Daga baya Diwali ta zo a Kartika da tulin soye-soye da kayan zaƙi, wanda shi kam ya saɓa wa duk abin da likitocinsu suka rubuta.

Yanzu ga inda nake so ki yi taka-tsantsan sosai. Bayan abinci, littattafan sun ba da shawarar abubuwa uku a Sharad: shan man shanun da aka dafa da ganyaye masu ɗaci, wankin ciki da maganin gudawa wanda suke kira virechana, da fitar da jini ta ƙaho ko matsattsaku. A asibitocin Ayurveda na Indiya, waɗanda tun 2014 suke ƙarƙashin ma'aikata ta musamman mai suna AYUSH, ana yin waɗannan ne bayan an duba mutum, an shirya jikinsa kwanaki, ana kuma sa masa ido. Ba abin da za ki yi a ɗaki ba ne bayan kallon bidiyo. Wankin ciki a lokacin zafi yana ƙarar da ruwan jiki, fitar da jini kuma ga macen da wataƙila jininta dama bai cika ba ganganci ne. Magungunan kwalba da ake sayarwa ma akwai magana: wani bincike da aka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2004 ya gwada kayan Ayurveda 70 daga shagunan yankin Boston, 14 a ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko sinadarin arsenik. A 2021 kuma likitoci a Mumbai sun ba da rahoton mutanen da hantarsu ta taɓu bayan shan giloy, wani tsiro mai ɗaci da ake yaba wa wajen kwantar da pitta. Ɗaci a cikin miya daban, ɗaci a cikin ƙwaya daban. Ko dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya aka kawo mana shi, man 'ya'yansa guba ne ga ƙananan yara, kuma mai juna biyu ta nisanci jiƙonsa da na garahuni.

To, masu cewa a ci mai ɗumi da maiƙo fa, ƙarya suke yi? A'a. Mutumin da ke zaune a arewacin Amurka ko Ingila a watan Oktoba, iska mai sanyi na kaɗawa, leɓe na tsagewa, abin da yake gani siffar vata ce sak, don haka aka ba shi shawarar miya mai ɗumi, man riɗi a fata, citta da kirfa. Kuskuren shi ne a rubuta wannan a ce haka Ayurveda ta ce game da kaka a ko'ina. A littattafan asali irin wannan abinci na Hemanta ne, lokacin da sanyi ya shigo, wutar ciki ta yi ƙarfi, aka ce a ci mai nauyi da maiƙo da tsami da gishiri. Ko a cikin Indiya tsarin bai hau kowa daidai ba. Birnin Chennai da sauran jihar Tamil Nadu daga Oktoba zuwa Disamba suke samun ruwansu mafi yawa, lokacin da Delhi ta bushe. Su kansu marubutan sun san da haka, shi ya sa suka raba ƙasa zuwa busasshiya da mai fadama da matsakaiciya, kuma Charaka ya rufe wannan babin da maganar sabo, cewa abin da jikin mutum ya saba da shi ana lissafa shi kafin a ba shi shawara.

A nan ne tambayarki ta biyu ta samu amsa, kuma dangantakar ta gaske ce. Daminar ƙasar Hausa da ta arewacin Indiya kusan tare suke zuwa tare suke tafiya. Mu ma bayan marka ruwa yakan ja baya a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai wannan zafi mai gumi na gab da girbi da tsofaffi ke kira agazari ya sauka, sauro ya yi yawa, asibitoci su cika, kafin hunturu ya busa a Nuwamba. Wannan ɗan tsakanin shi ne Sharad ɗinmu, sai dai namu ya fi gajarta, a Maraɗi ko Katsina wani lokaci makonni kaɗan ne. Saboda haka daga ɗaukewar ruwa zuwa ranar da kika fara jin leɓenki na bushewa, shawarar tsofaffin littattafan ce ta fi kusa da ke. Da hunturu ya kankama, sai ta masu ɗumi da maiƙo ta fi dacewa.

Ba sai kin nemi amla ko parwal ba. Shinkafa ko tuwo mai laushi, miyar kabewa ko kuɓewa ko zogale da mai kaɗan, faten wake da aka surfe aka cire ɓawo, kaza ko zabo a dafe maimakon a soye, gwanda, kankana, dabino biyu ko uku, ɗan man shanu a kan abinci. Ki rage yajin da ake barbaɗawa, da ƙosai da awara da safe, da kunun tsamiya da zoɓo mai tsami na 'yan makonnin nan, ki ga ko ƙirjin zai lafa. Ki ci kaɗan-kaɗan, sai kin ji yunwa, kuma ki bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya. Idan ƙwannafin na dare ne, a ɗaga kan gadon da bulo. Ƙurajen wuya da baya a wannan lokaci yawanci na gumi ne, tufafin auduga marasa matsewa da wanka da ruwa mai sanyi sun fi kowane jiƙo yi musu aiki. Ki duba kuma ko kina yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna cin bangon ciki, kuma mutane sukan sha su da yawa daidai lokacin zazzaɓi.

Tun da abin duk shekara yake dawowa, ki je a yi miki gwajin ƙwayar cutar gyambon ciki, wadda ake kira H. pylori, tana da magani na kwanaki kuma ana warkewa. Idan kuwa kika ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko abinci na tsaya miki a maƙogwaro, ko rama ba dalili, ko idonki ya yi rawaya, kada ki tsaya gyaran abinci, asibiti za ki nufa a ranar.

Game da sauyawa daga wannan tsari zuwa na sanyi, Vagbhata ya ware kwana 14, makon ƙarshe na lokacin da ke fita da makon farko na mai shigowa, ya ce a cikinsu ake sakin tsohon abinci a hankali ana kama sabo, domin sauyin farat ɗaya shi kansa yana kawo ciwo. Idan iskar hunturu ta fara, ki mayar da citta cikin kunu tukuna, bayan kwana biyu ki ƙara mai a miya, tsami da yaji su zo a ƙarshe, kina lura da yadda ƙirjin yake amsawa a kowane mataki.